Hannun Hajiya da surukin da ke bayan taga

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Buba, mijin 'yata Rabi. Lokacin da yake raye, ɗan kasuwar Garwa in yana son hoton hajarsa ya kai Marwa, sai ya tako har ɗan shagon Buba a unguwar Poumpoumré, ya zauna a benci ya jira layi. Yau mai sayar da albasa a bakin titi ma da wayarta take yin wannan, tana yi tana auna wa mai saye. Shagon kuwa tela ne a ciki yanzu.

Aikin Buba ya daɗe yana ba ni mamaki. Yana da wata manhaja a kwamfutarsa mai tattaro shafukan sada zumunta na mutane da yawa ta jera su a fuska ɗaya, layi-layi kamar rumfunan kasuwa: nan Hausa, nan Fulatanci, can Faransanci. Yakan rubuta talla yau, ya umarci manhajar ta sake shi ranar kasuwa. Ni na yi shekara arba'in a kan hanya, daga Duwala zuwa Injamena, daga Kano zuwa Jidda har ƙasar Sin, da ƙafata na koyi kowane harshe da nake ji. Shi yana zaune a kujerar roba yake zagaya garuruwa kafin shayinsa ya huce. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, matata Hajiya Balkisu ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo da wuri, baki ma ya dawo, hannun dama ya ƙi. Mai gashin ƙashi a asibiti, wanda a nan muke kira kine, ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa in watanni suka wuce hannun bai motsa ba, zai sandare ke nan. Ya nuna mata motsin da za ta riƙa yi a gida. Ta yi kwana uku ta bari. Abin da ya fi cin ranta shi ne cin abinci da hagu. Matar da gidanta ba ya rabuwa da baƙi ta koma cin tuwo ita kaɗai, ƙofa a rufe.

A ƙasar Sin na ga tsofaffi sun cika fili da sassafe suna miƙa hannuwa a hankali, ba mai kallonsu. Mu kuwa mun fi kowa iya dubiya. Za mu zo da lemo, mu yi addu'a, mu ce "sannu, kwanta ki huta". Ƙauna ce, ba shakka, amma ita ce take ta kwantar da Hajiya.

Wata Asabar Buba ya zo da kwali. A ciki akwai na'urar wasan bidiyo irin wadda ba a riƙe komai a hannu. Tana da ido da ake ɗorawa a kan tele, wato talabijin, ya ga mutum, ya zana ɗan mutum-mutumi mai kwaikwayon duk motsinsa. Ƙwallaye suna tahowa, kai kuma ka tare su da hannu, kowace ka tare sai ta yi ƙara. Ya riga ya nuna wa kine, shi kuma ya ce a gwada, amma kada a fasa zuwa asibiti.

Da ƙyar Rabi ta shawo kan uwarta. Hajiya ta fito falo lulluɓe da babban mayafi tun daga kai har gwiwa, domin surukinta yana wurin. A gidanmu ba a wasa da surukuta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mijin Rabi" take cewa, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Ta tsaya gaban tele, ta yi iya ƙoƙarinta ta ɗaga hannun a ƙarƙashin mayafi. Mutum-mutumin ya tsaya ƙiƙam. Ƙwallaye suka yi ta wucewa.

"To kun gani," in ji ta. "Injin ma ya san hannun nan ya mutu." Ta koma ɗaki ta ja ƙofa.

Ni ma haka na ɗauka. Kashegari bayan la'asar Buba ya dawo, ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka tsaya gaban abin nan yadda kake." Ina sanye da babbar riga. Na ɗaga hannuwana biyu masu lafiya har sama, mutum-mutumin ya karkace kamar wanda ya sha duka, bai tare ƙwallo ko ɗaya ba. Rabi ta yi dariya har da hawaye. Na tuɓe rigar na rage 'yar ciki, nan take ya bi ni. Ashe idon yana neman kafaɗa da gwiwar hannu ne, wanda ya ƙera shi bai yi lissafi da tufafinmu ba.

Sai aka shiga wata matsalar. Hajiya ba za ta cire mayafi gaban suruki ba ko hannun zai guntule, kuma Buba kaɗai ya san yadda ake daidaita wasan da ƙarfin mara lafiya. Bai ce a sassauta al'ada ba, bai ma nuna ya ga laifinta ba. Da safe yakan shigo ya saita komai, ya fita baranda, ya zauna a tabarma ya ba taga baya. Da kunne yake bin wasan. In ƙarar ta yi jinkiri ya san hannun ya gaji, in ta ɗauke ya san an yi ƙasa da yawa. Ni ne ɗan aike tsakaninsu.

"Baba, a ce wa Inna ta ƙara sama kaɗan."

"Alhaji, gaya wa mutumin can na ji, hannu ne ya shanye ba kunne ba."

Haka muka yi wata biyar. Akwai ranakun da aka ɗauke wuta, akwai ranakun da ta yi kuka ta ce a kwashe tarkacen. Wata safiya bayan an gama, na ga ta haɗa shayi da kanta. Ta zuro hannun dama ta taga, kofin yana rawa, shayin yana zuba a gefe. Buba ya karɓa da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Daga baya ya rubuta yadda aka yi a shafukan nan nasa, cikin harsuna uku, bai ambaci sunan kowa ba. Amsoshi suka zo daga garin Bibémi da unguwar Dougoï ta Marwa. Wata Kirista mai sayar da dawa, 'yar ƙabilun kan dutse, ta kawo mijinta har falonmu. Ba kowa ne ya samu sauƙi yadda Hajiya ta samu ba, gaskiya ke nan, amma duk wanda ya zo ya tashi tsaye.

Ciwon kwana tara ya ɗauke Buba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ba na jin zai yi baƙin cikin rufe shagon, domin shi da kansa yake koya wa masu zuwa wurinsa yadda za su yi ba tare da shi ba. Wataƙila zai yi tsaki in ya ga samari a majalisa, kowa ya duƙufa a kan waya, babban yatsa kaɗai ke aiki. Na tabbata kuma da zai ji cewa yanzu wayar hannu ma tana iya ganin motsin jiki, da tuni ya fara lissafin tsofaffin da zai kai wa.

Na'urar ta lalace bara, ba a samun kayan gyaranta. Matan da suka saba zuwa yin wasan a falonmu ba su fasa zuwa ba. Duk Alhamis suna haɗuwa a falo, Hajiya tana jefa musu ƙwallon roba suna tarewa, ni kuma a kore ni waje. Hajiya tana cin abinci da hannun dama, cikin mutane. A unguwarmu yanzu in ciwon nan ya kama mutum, ana yi masa addu'a, sannan a tashe shi tsaye.