Gumin Tagar Nicanor

Nicanor, mijin yayata Eulogia, mai kiwon zuma ne, kuma taurin kai gare shi. Tun suna amare suke bin furen bishiyar ulmo a gefen tafkin Ranco, amya a bayan mota, ɗakinsu mai taya yana biye. Ɗakin nan kuwa gumi yake kamar murfin tukunya. Kullum da safe Eulogia ce mai goge taga da tsumma tana mita.

Da fuka ta kama ta, likita ya ce laimar ɗakin ce, wato danshi, ya hana ta kwana a ciki. Ta dawo wurina a garin Osorno. Nicanor ya koma daji shi kaɗai, ya rame.

Sai ya ɗaura yaƙi da laima. Ya huda rufi ya sa mashaƙar iska, ya ɗora katifa kan katakai, ya kankare fumfuna da ruwan tsami, ya jera gwangwanayen gawayi a kowane lungu. Mutumin da ba ya iya buɗe ido sai da shayin mate, butarsa ma waje ya mayar da ita saboda tururi, a cikin yayyafi yake dafawa. Na ce masa ya haukace. Ya ce ƙanwar mata ba ta san komai ba sai shan zumar banza.

Bara da rani Nicanor ya zo da murna, wai ɗaki ya bushe ƙayau, ko ɗigo babu. Eulogia ta haɗa kaya tun kafin ya rufe baki. Ni na kai ta, na kwana a mota don ban yarda da shi ba.

Da gari ya waye na leƙa. Tagar ta jiƙe sharkaf, ruwa na gangarowa, ga tarin Eulogia ya dawo. Nicanor na tsaye yana kallon gilashin. Wallahi ya ba ni tausayi.

“Na gyara komai, tsohuwa,” in ji shi.

“Ka gyara mana. Numfashin mutum ɗaya ka gyara wa, tsoho. Yau mu biyu ne.”

Ta miƙa hannu inda tsummanta yake rataye tun da can, sai ya riƙe mata hannu. Ya ce ta bar masa, kada ta goge.

Kafin azahar ni da Eulogia muka kama hanyar Osorno. Ya gaya mini daga baya wai bayan tafiyarmu bai buɗe ƙofar ba duk yinin ranar don kada gumin numfashinta ya tafi, amma duk da haka kafin la'asar tagar ta bushe.