Auren Ƙanƙarar Apo Shukur

Apo Shukur a bakin rafi ya tsufa, a ƙauyenmu da ke saman garin Khaplu, can cikin tsaunuka masu ƙanƙara. Ruwan da ke narkowa daga ƙanƙarar kan tsauni shi ke juya masa dutsen niƙan sha'ir, shi ke kuma juya ɗan injin da ke ba mu wuta. Mafaɗaci ne, ko gaisuwa sai ya ga dama, amma bai taɓa korar mace da hatsinta ba.

Sai rafin ya fara janyewa. Dutsen niƙa ya tsaya, wuta ta koma leƙo mu gani. Ni kuwa ina aji ina koyar da makamashin da ba ya ƙarewa, alhali namu na ƙarewa a kan idonmu. Abin ya ishe ni, na gayyato tsohon ya zo makaranta ya faɗa mana dabarar kakanni.

"Ku ja'irai, ku buɗe kunne," ya ce wa ɗalibai. "Ƙanƙara akwai mace, akwai namiji. Fara tas ita ce macen, mai duhu da tsakuwa shi ne namijin. In an haɗa su a kogo, an lulluɓe da gawayi da ƙaiƙayi, bayan shekaru sai su haifi ruwa."

"Apo, to wa zai biya sadaki?" in ji Batul, sarauniyar surutun ajin.

"Ubanki mana, marar kunya!"

Da dariya ta lafa ya faɗi sharaɗin da kakanni suka bari. Wanda ya ɗauki ƙanƙara ba ya magana, ba ya sauke kwando, sai a kogo. In aka saɓa, aure ya lalace.

Da sanyi ya kawo kai muka hau tsauni da ƙanƙara a kwanduna, ni da shi da manyan ɗalibai. Ya rantse shi zai goya namijin. Muna tsakiyar hawa leɓɓansa suka yi baƙi, numfashinsa ya koma kamar na zuga-zugi. Batul ta buɗe baki, ya watsa mata harara, ta haɗiye. Kowa ya gani, kowa kuma ya yi gum, domin dukanmu a kan wannan al'ada muka tashi. Har yau ina jin haushin taurin kansa, kuma har yau ina kewarsa.

Ya kai kogon. Ya ajiye ango kusa da amarya, ya jingina da dutse.

"To, ku rufe musu ƙofa," ya ce.

Bai sake tashi ba. A kafaɗa muka sauko da shi.

Rafin yana nan siriri. Yawancin waɗanda suka yi dakon sun tafi birni neman aiki. Duk shekara in na zo darasin makamashi sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, auren ya kama?" Nakan ce lokaci bai yi ba. Na san hanyar kogon sarai, ƙafata kuma lafiya lau. Tsoro nake ji in je in tarar da gawayi kawai.