Ramar da Baba ya kai kan dutse

A shekararmu ta uku a birnin Greensboro, can ƙasar waje, muka bar gidan haya na High Point Road muka koma McLeansville, inda muka samu ɗan fili a bayan gida. Maiɗakina ta fiddo irin rama da innarta ta ƙulle mata a tsumma tun daga Maraɗi, muka shuka kunya huɗu. Kafin ƙarshen Yuli ta kawo mini ƙirji.

A siton da nake aiki a Wendover akwai wani dattijo Bature mai tuƙa motar ɗaga kaya. Baba nake ce masa, shi kuma ya karɓi sunan. Wata Asabar motata ta ƙi tashi, ya zo gida duba mini. Da ya zagaya baya don wanke hannu, sai na ji shiru. Na tarar da shi tsaye gaban ramar, ya cire hula. Ashe ganyenta ya yi masa kama da na wiwi.

"A fili haka? Ko shinge babu?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Baba, ganyen ci ne."

"Ni za ka gaya wa? Shekara tara na yi ina noman wiwi."

Ya tsinki ganye ya murza, ya shinshina, ya kai baki. Tsamin ya sa ya runtse ido, sannan ya fashe da dariya har sai da ya zauna kan bokiti.

A nan ya ba ni labari. A duwatsun yammacin jihar da muke zaune aka haife shi. Yana saurayi yakan hau can ƙololuwa, inda ba mai zuwa, ya shuka abinsa, yana goya jarkar ruwa a baya. Ya ce tsoro biyu yake kwana da su, na hukuma da na sanyi, don a can sama ƙanƙara takan sauko tun amfani bai nuna ba. Da aka haifi 'yarsa ya daina. Bai taɓa yin kewar hayaƙin wiwin ba, hawan nan na safe shi ne ya tsaya masa a rai.

Da shekara ta zagayo ya roƙi irin rama, ya kai gonar ƙanwarsa a kan dutse. A watan Satumba ya gayyace mu. Tafiyar awa uku ce, hanya sai murɗewa take, kunnuwana suka toshe.

Ramar ba ta wuce ƙugu ba, ko fure ba ta yi ba. Baba ya tsaya yana sosa ƙeya kamar mai laifi. Maiɗakina ta tauna ganye ɗaya ta ce, "Malam, gaya masa tasa ta fi tamu laushi."

Na fassara masa. Ya ce in maimaita.

Da ma ta taho da ƙuli-ƙuli da yaji. Ta dafa ganyen a kicin ɗin ƙanwar, ta yi kwaɗo, muka ci a baranda muna kallon hazo a ƙasanmu. Ƙanwar ta yi ƙari, tana ta kurɓar ruwa saboda yajin.

Da yake ana sa ran ƙanƙara a makon, muka tsinke ganyen kaf kafin la'asar, buhu biyu. Ranar Juma'a maiɗakina ta raba wa matan masallaci. Wata Hajiya 'yar Kumasi ta tambayi wane ne manomin, ta ce a kai masa gaisuwarta. Ranar Litinin na kai masa gaisuwar, yana kan motarsa, ya kashe injin don ya ji da kyau.