Ranar da Alhaji ya kamo talibamban a Bahar Maliya

A shekarata ta uku a Alƙahira na koma wani gida a unguwar Ainu Shams, hawa na huɗu. Ƙofata na kallon ta wani mutumin ƙasarmu mai sayen abayoyi yana aikawa Kano. Alhaji kowa ke ce masa. Ga tumbi ga murya, kuma duk abin da aka tayar a hira, to a gidansu aka fara shi. In an yi zancen magani, kakarsa ce. In kuwa aka yi zancen ruwa, ai shi jikan Sarkawa ne, a cikin kwalekwale aka yanke masa cibi.

A ƙasan gidan akwai wani tela, Bahaushen Sudan, dattijo mai ƙarancin magana. Wata rana surutun ya ishe shi, ya ajiye almakashi ya ce yana da aboki masunci a gaɓar Bahar Maliya wanda ke fita har tsibirai, in Alhaji na so sai a je. Na zaci Alhaji zai zame. Sai ya bugi ƙirji ya ce, "Yalla! A je in koya wa Larabawan nan yadda ake su."

Mu uku muka hau bas, muka wuni muna ratsa hamada, muka kwana a ƙauyen masuntan. Da safe Alhaji ya fito sai ka ce wanda zai shiga talabijin: malafa, baƙin tabarau, riga mai aljihu kusan goma, da sandar fatsa irin ta Turawa, takardar shago ma ba a cire mata ba.

Mai jirgin, abokin telan, wanda suke kira rayyis, tsoho ne siriri cikin koɗaɗɗiyar jallabiya. Jirginsa na katako ne, ƙanensa ke riƙe da inji. Kayan aikinsa kaf zare ne naɗe a guntun katako, da ƙugiyoyi, da dalma, da bokitin ƙananan kifi na tarko. Alhaji ya ɗaga guntun katakon da yatsu biyu, ya yi dariya, ya shiga yi wa tsohon bayani cikin gurguwar Larabcinsa. Rayyis ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Tamam, ya Hajj," wato to madalla Alhaji, ya kwance igiya.

Ni ban taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin garinmu ba, kuma ban ɓoye tsorona ba. Da ƙasa ta ɓace mana, ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu, jirgin ya fara hawa da sauka. Na yi ta salati a fili. Can na lura an daina jin muryar Alhaji. Na waiwaya, sai ga jikan Sarkawa ya rungume gefen jirgi da hannu bibbiyu, yana mayar wa teku da karin kumallonsa. Iska ta ɗauke malafar, bai ko bi ta da kallo ba.

"Waken da na ci ne," in ji shi. "Ba su iya dafa wake ba a nan."

Kusa da wani tsibiri, yashi da duwatsu kawai sai tsuntsaye, rayyis ya dubi tsaunukan nesa, ya dubi ruwa, ya ɗaga hannu, ƙanensa ya kashe inji. Rayyis ya ɗora min zare a kan yatsa, ya nuna min da ishara yadda zan bambance taɓawar kifi da ta dutse. Ba a jima ba na ji an fizge ni. Na jawo wani jan kifi mai ɗigon shuɗi. Tela ya kamo biyu. Rayyis kuwa jawowa kawai yake yi, ba hayaniya. Alhaji na can yana kokawa da sandarsa, zaren ya cukurkuɗe, sai da ƙanen rayyis ya warware masa sau uku.

Wajen azahar sandar ta lanƙwasa. Alhaji ya kurma ihu, ya manta da ciwon ciki. Abin da ya fito kifi ne da bai kai kamu guda ba, cikinsa fari, haƙora kamar na zomo. Yana faɗowa cikin jirgi ya fara kumbura. Ni da na tashi nesa da kogi ma na gane ɗan'uwan talibamban ne.

"Kun ga ƙiba?" in ji Alhaji. "Wannan na uwargida ne. Farfesu!"

Rayyis ya taka kifin da ƙafa, ya yanke zaren, ya wurga shi nesa. Ya ce wannan kifin guba ne, ba a cinsa, irinsa ya taɓa kwantar da mutanen gida guda a ƙauyensu, biyu ba su tashi ba. Tela ya fassara, ko da yake kowa ya ji.

Alhaji ya juyo gare mu da Hausa. "Hassada ce. Ya ga baƙo ya fi shi."

"Alhaji," in ji tela, "mutumin nan iyalinka ya ceta."

"Kai ɗinki ka sani."

Muka sauka a tsibirin muka yi salla. Rayyis ya hura wuta, ya gasa kifi da gishiri da lemon tsami, ya zaɓi mafi maiƙo ya ajiye a gaban Alhaji. Alhaji ya cinye tas, ya lashe yatsu, ya ce da akwai yaji da an ci kifi. Ko godiya bai yi ba.

Da muka dawo Alƙahira kifin ya fara girma a bakin Alhaji. A satin farko ya kai tsawon hannu. Kafin wata ya ƙare, a wani shagon shayi a unguwar Darrasa, na ji shi yana gaya wa sababbin ɗalibai cewa mutum uku suka taru kafin a ɗaga shi, Balarabe ya jefar don baƙin ciki. Ya nuno ni ya ce, "Ga shaida nan." Na sunkuyar da kai ina juya cokali a kofi. Har yau ina jin haushin wannan shirun nawa.

Bayan wata shida ni da tela muka koma, ba mu gaya wa Alhaji ba. Rayyis na ganinmu ya tambaya, "Ina Hajj? Ya cikin nasa?" Da gaske yake tambaya, ba shaguɓe. Da za mu taho ya zuba manyan kifaye biyu a leda da ƙanƙara ya ce in kai masa.

Na ɗauko su tun daga can, na hau da su hawa huɗu, na ƙwanƙwasa. Alhaji ya buɗe, ya leƙa cikin ledar, ya gyaɗa kai.

"Ai na san tsohon nan zai nemi afuwa," in ji shi. "Ka ce masa khalas, ya wuce, na yafe."

Ya rufe ƙofarsa. Na shiga ɗakina na wanke hannu.