Mutum na Takwas a Hoton 'Yan Reluwe

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, ranaku da yawa sun ɓace min, amma ban taɓa mantawa da ranar Alhamis ɗin da na kaɗa wa Rifkatu ƙararrawa ba. Tunda kun ce in bar muku labari ɗaya kafin in tattara kayana, to shi zan ba ku, duk da cewa ba ni ce na fita da kyau a cikinsa ba.

Lokacin ina shekarata ta tara a aiki, ina koyar da aji shida a wata firamare a Sabon Gari, ba nisa da layin dogo. Tarihi a firamare ba darasi ne mai zaman kansa ba, a cikin darasin zamantakewa ake cusa shi, kuma yawancin malamai karanta wa yara littafi suke yi har kowa ya yi gyangyaɗi. Ni kuwa na ɗauki wata hanya. Nakan hau mota in je Samaru, in roƙi ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a su ɗauko min tsofaffin hotuna, a yi min kwafi, in kai wa mai hoto ya ƙara musu girma, in manna a kwali. Kowane hoto nakan rubuta masa tambayoyi biyar, ranar Juma'a a yi kacici-kacici, layi da layi. Abin ya karɓu. Har aka laƙaba min suna Malama Mai Hotuna, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura.

Cikin hotunan akwai ɗaya na zamanin da layin dogo ya iso Zariya, wajen shekarar 1911, lokacin Sabon Gari ma ana kafa shi ne. Bature ɗaya a zaune a kujera, akawu biyu da kwat a gefensa, shugabannin leburori huɗu a tsaye, ɗaya ya jingina kwanon sarki na ɗibar ƙasa a ƙafarsa. A bayansu an baza wani farin zane. A ƙasan hoton an rubuta da Turanci cewa ma'aikata bakwai ne na aikin shimfiɗa dogo. Daga wannan rubutun na fitar da tambayoyina, na kafa kwalin a bangon gefe, can ƙasa daidai idon yaran da ke zaune a benci. Ni da ke wuni a tsaye ban ƙara yi masa kallon kirki ba.

A zango na biyu ofishin ilimi ya shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu shida. Ga waɗanda ba su san tsarin ba: kowace makaranta ɗalibi ɗaya take turawa, ana rufe amsoshi a ambulan tun kafin ranar, sufeton makarantu ya sa hannu, kuma abin da alƙalan gasa suka yanke shi ke nan. Wanda ya zo na ɗaya a wannan shekarar an yi masa alkawarin gurbi a sakandaren kwana ta gwamnati ba tare da wata jarrabawa ba. Ni aka ba zagayen hotuna, ni na rubuta amsoshin, kuma don kada a ce an yi son kai, aka raba wa kowace makaranta kwafin hotunan wata guda kafin gasar.

Mu Rifkatu muka tura. Yarinya ce siririya, 'yar shekara goma sha biyu, daga Hanwa take takowa kullum. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta tana sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, in an tashi daga makaranta can take wucewa ta taya ta. Uwar ta taɓa tare ni a bakin kasuwa ta ce, "Malama, in ba wannan gurbin ba, daga aji shida sai rumfa." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yarinyar ba ta da na biyu.

An yi gasar a zauren wata makaranta a Samaru. Da aka zo ƙarshe, Rifkatu da wani yaro ɗan makarantar da ta karɓi baƙi suka yi kunnen doki. Sufeto, Malam Lawal, ya ce a raba gardama da tambaya ɗaya daga zagayen hotuna. Aka ɗaga kwalin 'yan reluwe. Na karanta tambayar da ta fi kowace sauƙi, har ina jin daɗi a raina don Rifkatu ce za ta fara.

"Mutum nawa ne a wannan hoton?"

"Takwas," in ji ta, ko ɗar babu.

Zauren ya ɗauki dariya. Na ji kunya ta rufe ni, ɗalibata, hotona, a gaban shugabannin makarantu shida. Ta buɗe baki ta ce, "Malama, akwai wanda..." Na kaɗa ƙararrawa na ce, "Zauna!" Yaron ya ce bakwai, aka buɗe ambulan, bakwai. Aka tafa.

A mota kan hanyar komawa ba ta yi kuka ba. Washegari Juma'a na huce haushina a kan ajin gaba ɗaya. Na sa su suka maimaita "mutum bakwai ne" har sau ashirin, ina buga tebur da rula. Na ce musu a jarrabawa abin da ke rubuce ake tambaya, ba abin da mutum ya ga dama ba. Abin da ya ɗan dame ni shi ne yadda suke faɗa. Yara arba'in da 'yan kai, ba wanda ya kalle ni, ba kuma wanda ya kalli hoton. Ƙasa duk suke kallo, murya ciki-ciki, kamar an sa su yi wa wani ƙarya a gabansa.

Ranar Litinin na iske gwangwanin madara da ruwa a ciki a gindin bango, daidai ƙarƙashin kwalin. Ba ranar na fara ganinsa ba. Na sha zubar da shi ina faɗan masu shara. Wannan karon na ɗaga shi sama na ce, "Na wane ne?" Na ce ba wanda zai fita tara sai an faɗa min.

Can Rifkatu ta miƙe ta ce, "Na mai riƙe da zane ne, Malama. Bi da bi muke kawo mishi."

"Wane mai riƙe da zane?"

"Wanda ke baya. Zane ba ya tsayuwa da kanshi, Malama. Ni nake riƙe wa Mama in masu saye za su duba. In an daɗe, hannu ciwo yake yi, kuma ƙishi yake sa mutum."

Na ce shirme ne, na watsar da ruwan ta taga, muka ci gaba da lissafi. Amma da aka tashi, kowa ya watse, sai na kasa fita. Rana tsaka ce, ƙarfe biyu saura, makarantar ta yi shiru, ba ka jin komai sai kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi. Na je gaban kwalin na durƙusa, na kai idona inda idon yara yake.

Yatsu na fara gani. A saman zanen, can a kusurwa, yatsu huɗu sun lanƙwaso ta baya, a ɗaya kusurwar ma huɗu. Da na ɗauka ƙugiyoyi ne. Na sauke ido ƙasa, tsakanin ƙafafun kujerar Baturen, inda zanen bai kai ƙasa ba. Ƙafafu biyu ne ba takalmi, sun yi faso, kuma a idon sawun akwai mari na ƙarfe, da guntun sarƙa a kwance a ƙasa tsakaninsu. Sannan a tsakiyar zanen, sama da hular Baturen kaɗan, akwai wani ɗan tudu inda goshi da hanci suka turo yadin. Mutumin yana fuskantar mai ɗaukar hoto. Wata uku yana fuskantar ajina ta cikin zane, ina kai da kawowa a gabansa ina ba da labarin mutum bakwai.

Jirgi ya yi kuka daga tasha. Na ji bakina ya ce "Sannu" ba tare da na shirya ba, daga nan na suri jakata na fita, ko ƙofar ban kulle ba.

Ranar Talata na naɗe kwalin na kai wa Malam Lawal a ofis. Ya sa tabarau ya duba, ya daɗe bai ɗago ba. Ya yi salati, ya ce, "Fursuna ne. Kakana ya sha ba mu labari, aron su ake yi daga kurkuku a lokacin, su yi ɗauko da riƙo." Na ce to, Ranka ya daɗe, amsar yarinyar daidai ce ke nan.

"Daidai ce. Amma an riga an tura sakamako, Malama. In ana so a warware, sai wadda ta rubuta amsa ta kawo takarda da hannunta cewa ita ta yi kuskure. Ni kuma in ɗora tawa a kai. Kafin ƙarshen wata ake rufe sunayen masu shiga sakandare." Ya cire tabarau ya dube ni. "Sai dai ki sani, takardar fayil ɗinki za ta shiga, kuma sunanki yana cikin waɗanda ake dubawa a ba mataimakiyar shugaba. Ban ce kada ki rubuta ba."

Bai ce kada in rubuta ba, gaskiya ne, kada ku ɗora masa laifina. A ranar na rubuta takardar, layi shida. Na sa ta a jaka. Kullum da safe in ce yau zan kai, kullum in samu dalili: yau akwai taron malamai, gobe ruwa ya tare ni, jibi ai sufeto yana rangadi. Kwalin ban mayar da shi bango ba, na tura shi bayan kabad, na juya fuskarsa ciki, duk da haka in ina rubutu a allo ba na son ba wa kabad ɗin baya. Rifkatu tana zuwa, tana zama a bencinta, ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba. Kwana goma sha tara takardar ta yi a jakata. Ranar da na kai ta, magatakardan ofis ya karɓa ya buga hatimi, ya ce an rufe sunaye tun kwana uku da suka wuce. Ƙarin girma ya zo min a ƙarshen zangon. Takardar kuwa ba wanda ya taɓa yi min maganarta.

Na ce to, gurbi ya tafi, bari aƙalla in wanke ta a gaban 'yan ajinsu. A jarrabawar zango na uku na fito da kwalin, na kakkaɓe shi, na kafa a allo, na sa tambayar a lamba ta ɗaya. A takardar amsa na rubuta takwas. Nufina in na raba sakamako in kira ta gaba in ce ita ce ta ga daidai, ni ce ban gani ba.

Na zauna duba takardu a ɗakin malamai. Ta farko, bakwai. Ta biyu, bakwai. Na riƙa juyawa har na zo kan ta Rifkatu, da rubutunta mai kyau kamar na ɗab'i. Bakwai. Ajin gaba ɗaya, ba mutum ɗaya da ya rubuta takwas.

Na aika aka kira min ita ajin, mu biyu kawai, kwalin yana kan allo. Na ce, "Rifkatu, ranar gasa ke ce da gaskiya. Takwas ne. Ni na yi kuskure, kuma ni na yi jinkirin gyarawa. Ki yafe min."

"Ba komai, Malama."

"To me ya sa kika rubuta bakwai?"

"Kin ce abin da ke rubuce ake tambaya."

Na kama hannunta na kai ta gaban hoton. Na nuna mata kusurwar zanen da yatsana na ce, "Duba nan. Ba kya ganinsa?" Ta tsaya ta duba, ta daɗe tana dubawa, kuma na rantse muku ba taurin kai take yi ba, ba kuma fushi ba ne, fuskarta a sake take. Ta juyo ta ce, "Mutum bakwai ne, Malama. Zan iya tafiya? Mama tana jira na."

Ta gama aji shida a wannan watan, ba ta shiga sakandare ba.

Ku da kuke fara aikin yanzu, na ga kuna da na'urar haska hoto a bango da tambayoyi a waya, abin sha'awa. Ku yi amfani da su. Amma kafin ku rubuta amsa, ku zauna a bencin yara ku kalli hoton da kanku, don wanda ya rubuta bayanin ƙasan hoto ya riga ya zaɓi waɗanda zai ƙirga. In yaro ya ba da amsar da ba ta cikin ambulan, ku bar shi ya ƙarasa maganarsa kafin ku taɓa ƙararrawa. Mu malamai muna yawan kukan cewa yara ba sa ɗaukar abin da muke koya musu. Ni na ga ranar da suka ɗauka duka, ba su bar ko kaɗan ba, kuma na fi jin tsoron wannan ranar a kan abin da na gani a bayan zane.