Kwamfutar da Ta Daina Gane Yatsan Malam Siraju

Malam Sirajuddeen na Gwandu shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa a firamare, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa zai gaya maka abu biyu game da shi: rubutunsa kyakkyawa ne, sannan ba ya iya rubuta komai bakinsa a rufe. In yana rubuta kwanan wata a allo, har na bayan aji sai ya ji shi. Ya koyar a Ceberu, ya koyar a wasu ƙauyuka biyu da sai an naɗe wando da damina kafin a isa, daga baya aka dawo da shi cikin gari, a nan ya yi ritaya. Mutum ne mai tsafta har ta so ta yi yawa, ba ya cin goro, ba ya zama a benci sai ya kaɗe shi. Mugunta dai babu ita a ransa, kowa ya shaida. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da in aka yabe shi a gabansa, abincin ranar ba ya shiga. Shi ne Habibu, ɗan gwaggonsa.

Taubasai ne, shekara ɗaya aka haife su, saboda haka wasa a tsakaninsu halal ne tun suna rarrafe, kuma ba mai ikon yin fushi a fili. Habibu ya bar makaranta a aji huɗu ya faɗa fadama, ya zama manomin albasa na ji da gani. Dogo ne, mai babbar murya, irin mutanen da tun kafin su buɗe baki jama'a sun fara murmushi. Tsokanarsa kullum guda ce, a kan hannun Malam. Wai hannun alli ne, wai in ka gaisa da shi sai ka ji kamar ka taɓa jariri. Malam yakan rama, sai dai amsarsa mai kyau ba ta zuwa sai ya koma gida ya tuɓe riga. Kishin Habibu yake yi, ba wani suna da za a ba abin. Yana kishin dariyar da ake yi masa, yana kishin yadda dattawa ke tambayarsa ranar da za a fara dashe.

Da ya yi ritaya, ƙungiyar manoman albasa ta unguwarsu ta naɗa shi sakatare saboda rubutun nan nasa, ko da yake 'yar fadamar da ya gada 'yan ƙwadago ne ke noma masa. Habibu aka ba mataimaki. Shekara uku da suka wuce wani shirin tallafa wa manoma ya ba ƙungiyar laftof, don a riƙa ajiye sunayen mambobi da hotunansu da faɗin gonakinsu. A gefen madannanta akwai wani ɗan murabba'i bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Jami'in da ya kawo ta ya sa Malam ya ɗora manuninsa na dama a wurin, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, har ta haddace zanen yatsan. Daga ranar babu wanda take buɗe wa sai shi. Jami'in ya kuma ba shi lambobin sirri guda shida, ya ce ya riƙe ko da wata rana.

Wanda bai ga Malam yana buɗe kwamfutar nan a taro ba, bai san Malam ba. A ƙofar gidan shugaban ƙungiya, Alhaji Abdulhakeem, ake zama. Sai an gama gaisawa kowa ya natsu, sannan ya zuge jaka, ya goge yatsa da hankici, ya yi bisimilla ya ɗora. Fuskar kwamfuta ta yi haske, shi kuma ya saci kallon Habibu. A duk rayuwarsa wannan ne abu na farko da yake da shi wanda Habibu ba zai iya taɓawa ba, kuma ya ji daɗin hakan ba kaɗan ba.

Habibu kuwa bakinsa bai mutu ba. Wata Asabar ya ce a gaban kowa, abin mamaki ne a ce sakataren manoma bai taɓa yin kanta a tafin hannu ba, ko dai albasar cikin kwamfuta yake nomawa? Aka yi dariya, har da Alhaji Abdulhakeem da ba ya dariya. Wannan ta shiga Malam fiye da sauran. Washegari ya sallami 'yan ƙwadago, ya sayi hauya, ya shiga fadama da kansa yana da shekara sittin da ɗaya. Shi ke yin fangali, shi ke dashe, shi ke ban ruwa, shi ke watsa takin zamani da hannu tsirara. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Abin haushin shi ne, shi Habibun da ake yi dominsa ya fi shekara biyar rabonsa da hauya. Yana zaune a inuwa da waya biyu, yana loda manyan motoci zuwa kudu.

A kaka ta biyu da fara wannan aiki kwamfutar ta soma yi masa gardama. Sai ya ɗora sau biyu, sau uku, kafin ta buɗe. Rannan a tsakiyar taro ta ƙi ƙememe. Ya goge yatsa, ya hura wurin, ya goge da bakin riga, ta ce ba ta san shi ba, ya sa lambobi. Ba yadda ya iya, ya sunkuya yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa kuma yana aikin da ya saba. Yana ɗagowa Habibu ya karanto masa lambobin shida daga farko har ƙarshe, da muryar ɗan aji ɗaya.

Da dariya ta lafa, Alhaji Abdulhakeem ya yanke magana. Ya ce Asabar mai zuwa za a fitar da sunayen waɗanda za a raba wa iri, ba a son tangarɗa. In an gyara ta koma gane Malam, shi ke nan. In ba haka ba, ta koma hannun Habibu, tunda ga shi ya riƙe lambobin, idonsa ma ya fi gani. Malam ya ce to. A ransa kuwa ya gama yanke hukunci cewa Habibu ne ya lalata ta, don ya taɓa ganinsa yana latsa wurin da hannun da ya ci ƙosai.

'Yarsa Zulai da ke karatu a jami'a ita ta ce ya kai wa Rut a Kalgo, wata 'yar Zuru mai shagon gyara a bakin hanya, wadda ɗalibai ke kai wa nasu. Habibu na jin labari ya ce shi zai kai shi a motarsa. Malam ya so ya ƙi, amma ƙin shiga motar taubashi magana ce da za ta zaga unguwa kafin azahar. Ranar Laraba da hantsi suka kama hanya ta Birnin Kebbi, Habibu na waya da direbobinsa, Malam ya rungume jaka a cinya.

Rut mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, tabarau a goshi. Ta gaishe su da ladabi, ta ba su kujeru. Ta fara da goge ɗan murabba'in da auduga da sifirit, audugar ta fito da datti, Malam ya juya ya dubi Habibu da kyau. Ta sa shi ya buɗe da lambobi, ta cire manhajar da ke tafiyar da wurin yatsan ta sake saka sabuwa, ta kashe ta kunna. Ta goge tsohon zanen da ke ciki, ta ce ya ɗora a ɗauki sabo. Ya ɗora, shiru. Ya sake, shiru. Ta gwada da nata yatsan, nan take zanen ya fara fitowa. Don ta tabbatar, ta roƙi Habibu ya ɗora nasa. Ko gama zama yatsan bai yi ba kwamfutar ta karɓa. Malam ya ce ta goge wannan yanzu-yanzu. Ta ce ai gwaji ne, ba ta ajiye ba.

Sai ta ce, "Baba, in ga hannunka."

Ya shimfiɗa su a teburin, ta jawo fitilar aikinta. Shi kansa bai taɓa tsayawa ya dube su haka ba. Kan yatsun ya shafe sumul kamar bakin tsohuwar muciya, ga tsaga, ga kanta, ga wurin da taki ya cinye fata. Ta yi masa bayani a hankali, cewa kwamfuta lafiyarta ƙalau yanzu, zanen da take nema ne babu shi. In ya huta da fadama mako uku ko huɗu yana shafa man kaɗe, zai dawo. Shi kuwa kwana uku gare shi, ga dashe ya kankama.

Habibu ya taso ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallon hannuwan. Malam ya ɗaure fuska yana jiran tsokana. Abin da ya fito daban ne, muryar ma ta yi ƙasa.

"Siraju, mi kai ma kanka haka? Wanga hannu ko ni ban taɓa yin irinai ba."

Shekara arba'in Malam na son ya ji wannan magana daga bakin nan, sai ga ta ta zo a ranar da ba ta da amfani. Bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya janye hannuwansa ya ce wa Rut ta gwada sauran yatsun.

Suka bi su ɗaya-ɗaya. Biyar na dama duk ta ƙi. Na hagu ma huɗu ta ƙi. Ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda ke tsayawa a gefe in an riƙe ƙotar hauya, shi kaɗai ya tsira da zanensa, kuma shi ta karɓa. Rut ta yi murna ta ce an dace. Ba ta san wanda ke gabanta ba. Mutumin da in yaro ya miƙo masa littafi da hagu sai ya mayar da shi ya sake miƙowa, shi ne zai yi bisimilla a gaban dattawa ya miƙa hagu, hagun ma ƙaramin yatsa? Ya tambaya ko canza lambobin zai wadatar. Ta ce za ta canza, amma a gabanta ɗazu ta ji su duka shida daga bakinsa. Ta ba da shawara a ajiye yatsan mutum na biyu saboda tsaro, ga ɗan'uwansa nan.

"A'a," in ji Malam. "Ɗauki na hagun."

A hanyar komawa Habibu ya kashe wayoyinsa duka biyu. Ya tsaya a Ambursa ya sayo man kaɗe a 'yar roba, ya ajiye a gefen jakar Malam.

Ranar Asabar taro ya cika. Malam ya kwana biyu yana gwaji a ɗaki, ya samo dabara. Ya zuge jaka, ya goge manunin dama da hankici yadda ya saba, ya kife tafin dama a kan wurin, ɗan yatsan hagu ya lallaɓa ta ƙarƙashi. Ta buɗe. Aka ce madalla, 'yar Zuru ta iya aiki. Alhaji Abdulhakeem ya ce kwamfuta ta zauna inda take, a karanto sunaye. Mutum ɗaya ne a wurin ya san abin da ke ƙarƙashin tafin nan, kuma labari ne da zai iya ci da shi shekara goma. Malam ya karanta sunaye saba'in da uku kunnensa na wajen Habibu. Habibu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota har aka shafa fatiha.

Tun daga ranar bai ƙara tsokanarsa ba. In sun haɗu sai ya gaishe shi da kyau, ya tambayi jiki, ya tambayi dashe, wani lokaci har ya miƙa hannu zai karɓar masa jaka, kamar yadda ake yi wa tsohon da aka fara tausayi. Malam ya yi ta neman faɗa. Ya ce masa manomin waya, ya ce masa tumbinsa ya fi buhun albasa. Habibu sai ya yi murmushi ya ce gaskiya ne.

Har yau Malam Sirajuddeen ne sakatare, kwamfuta na gidansa a cikin jakarta, ba wanda take buɗe wa sai shi. Albasarsa ma ta yi kyau bana. A taron da ya wuce Habibu ya sa wani dattijo mai suna Ibrahim a gaba, yana tsokanarsa a kan wani tsohon injin ban ruwa da ba ya tashi sai an roƙe shi. Mutane na ta dariya har da riƙe ciki, Ibrahim na ramawa yana share hawayen dariya. Malam na gefe da kwamfuta a buɗe a cinyarsa, yana kallon Ibrahim, yana jin haushinsa kamar ya ƙwace masa gona.