Katunan 'Yan Damben Amurka

Komai tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da washegarin wata Babbar Sallah a Kaduna, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, ranar da wani Ba'amurke ya zo cin nama gidanmu.

Mahaifina akawu ne a ofishin gwamnati, mutum mai farar riga da agogo, wanda ba ya son hayaniya. Shi kuwa nasa mahaifin, wato Kakanmu, mahauci ne mai rumfa a Babbar Kasuwa, kuma a zamaninsa ɗan dambe ne na ji da gani. Wannan shi ne abin da mahaifina ba ya so a sani a ofis. Bai taɓa ɗaga wa tsohon murya ba, amma da Kaka ya ɗauko labarin dambe sai ka ga akawu ya tuna yana da aiki a ɗaki. Abin yana yi mini ciwo, don ni ce 'yar gaban goshin Kaka. Amaryata yake ce mini, ni kuma in ce Allah ya tsare ni da miji mai ƙarnin kitse.

Shi Ba'amurken aikin haƙa rijiyoyi ya kawo shi, mahaifina ke yi masa tafinta. Wata rana ya aiko mana da cingam, kowane ƙunshi da kati a ciki. Ƙannena suka tauna cingam suka yar da katunan, ni na bi na tsince. Hotunan ƙarti ne, farare da baƙaƙe, a bayan kuma ƙananan rubutu da lambobi jere. Turancina na 'yar firamare bai wuce in gane sunan gari da shekara ba, don haka na kwasa na kai wa Kaka.

Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kanne ido, ya ce ai wannan ba sai an karanta ba, 'yan dambe ne. Ga hannu ɗaya an naɗe shi da fata, ga tsayuwa irin ta mai shirin kai naushi. Wanda ya rufe fuska da ƙarfe, in ji shi, matsoraci ne. Mai sanda a kafaɗa shi ke korar 'yan kallo daga fage. Lambobin baya kuwa mazajen da kowa ya kayar ne. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: kusan duk hannun hagu suka naɗe, yaya za a yi ƙasa guda ta zama ta bahagwai? Ya zaɓi wani baƙi mai faɗin kafaɗa ya soke a hularsa, ya ce wannan da sun haɗu da an sha kallo.

Ana gobe baƙon zai zo, na ji mahaifina yana roƙon Kaka cikin ladabi, ya sa babbar riga, a gaisa, a bar shi a nan. Kaka ya ce to. Ban taɓa jin "to" mai nauyin wannan ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida. Kaka ya zauna tsaf kamar liman, har baƙon ya yaba gashin naman. Nan fa haƙurin tsohon ya ƙare. Ya zaro katin daga hula ya ce, "Akawu, tambaye shi, wannan bahagon mutum nawa ya kayar?"

Mahaifina ya share gumi ya fassara, don ba dama ya share uba a gaban baƙo. Ba'amurken ya yi dariya har ya ƙware. Ya sa aka ɗauko masa muciya da lemo, ƙanena ya jefa, shi kuma ya maka wa lemon duka ya tsallake katanga. Wasan ke nan, besbol sunansa, fatar kuma ta cafe ƙwallo ce. Kaka ya riƙe baki yana cewa duk wannan jikin a kan ƙwallo yake ƙarewa.

Sai baƙon ya juya katin yana karantawa, mahaifina na fassarawa. Ɗan manomi ne. Ya yi shekaru yana yawon wasa a ƙananan garuruwa kafin manya su yarda su ɗauki baƙar fata. Da ya samu shiga ya yi tashe, daga baya kafaɗa ta fara ba shi matsala. Duk shekara ana buga irin wannan kati, don yara su san abin da kowane ɗan wasa ya yi.

Kaka ya ce a hankali, "Mu namu ba wanda ya rubuta. Makaɗina ne ya sani, shi kuma ya rasu."

Baƙon ya tambayi abin da tsohon ya ce, da irin wasan da ya yi. Mahaifina na iya faɗa masa duk abin da ya ga dama, ba mai ƙaryata shi. Ya dubi tabarma, ya dubi Kaka, sai ya gyara zama ya fara, yana yi da Turanci yana maimaitawa da Hausa don tsohon ya ji. Ya faɗi yadda Kaka ya fara dambe a Zariya, da shekarar farin ɗango da ya zagaye Funtuwa da Gusau ba a kai shi ƙasa ba, da ranar da yatsansa ya karye ya ƙi a kwance masa hannu. Kaka ya katse shi ya ce a Funtuwa aka yi wannan.

"A Malumfashi ne, Baba. Ni nake riƙe maka da riga."

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji akawun gwamnati ya ɗaga murya yana yi wa ubansa kirari, tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Mahaifiyata ta rangaɗa guɗa daga madafa. Kaka ya tuɓe babbar rigar ya miƙe, ya ja ƙafa baya ya dunƙule hannu, baƙon na tafi, maƙwabta na leƙowa ta katanga. Ni dai dariya nake yi ina hawaye, don ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba.

Da Kaka ya zauna yana haki, ya dafa gwiwar ɗansa ya ce, "Ashe kana riƙe da su?"

"Duka, Baba."

Abin da na koya ranar shi ne, in kana riƙe da tarihin tsohonka, kada ka jira sai baƙo ya tambaya. Ka faɗa a gabansa, da ƙarfi, tun yana da kunnen ji.